Sunan da Aka Ja wa Layi

Duk Tudun Wada ban san macen da ta kai Ummuhani Zulkiflu yarda da kanta ba, kuma abin haushin shi ne yawanci ita ke da gaskiya. Ni Dinah Kato, mai shagon buga takardu a kan hanyar da ke fita Kongo, na fi kowa sanin haka, don katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu tun muna yawo ba ɗankwali. Ita 'yar gidan malamai ce, jikar Modibbo. Ni babana mai bishara ne a cocin Angilikan. Wannan bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba, bai kuma hana mu faɗa a kan wa ya fi cin nama ba.

Tun tana ƙarama take da ciwon tsari. In ɗaliban babanta sun tashi, sai ta bi allunansu ta jera daga babba zuwa ƙarami, wanda ya taɓa kuwa ya sha ranƙwashi. Takalman ƙofar ɗaki ma ba su tsira ba. Mamata takan ce yarinyar nan ko kaji aka ba ta kiwo sai ta sa su layi.

Babanta, Malam Zulkiflu, shi ne ƙarami cikin 'ya'yan Modibbo maza biyu. Wansa Malam Mika'ilu, wanda Ummu ke kira Baffa, yana zaune a Gyallesu, shi ya gaji buzun mahaifinsu da zauren karatu. Muna sakandare lokacin da Malam Zulkiflu ya rushe ɗakunan bayan gidansa ya mai da su ajujuwa, ya sa bencuna da allon bango, ya ce matan aure su riƙa zuwa karatu da hantsi. Baffa ya zo ya leƙa, ya ga bencuna, ya ce a gidansu ba a taɓa karanta Alƙur'ani ƙafa tana lilo ba. Malam Zulkiflu ya ce akwai masu ciki, akwai masu ciwon gwiwa, zaman ƙasa zai kore su. A kan benci fa! Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma su waɗannan biyun suka ƙi shiryawa. Babu zagi, babu ɗaga murya. Sai dai gaisuwa a wurin jana'iza ko ɗaurin aure, kowa ya kama gabansa. Ummu ta bi bayan ubanta, kuma daga nan ta ɗauke ƙafa daga Gyallesu.

Da ta gama difloma sai ta samu aikin buga rubutu wurin Dokta Harrison, wani malamin jami'a a Kongo, ɗan cocinmu, da ke bincike a kan kasuwannin ƙauye. A nan ƙaddara ta haɗa ta da abin da ya zama kamar sana'arta ta biyu. Wani ɗalibi ya soka filash ɗinsa a kwamfutar ofis, bairos ya shiga ya cinye aikin da ta yi watanni tana bugawa. Wata da kuka za ta yi. Ita kuwa haushi ta ji, irin haushin da ke hana ta cin abinci. Dokta ya ga haka sai ya nuna mata yadda shi yake nasa aikin: a wata manhaja mai suna Emacs, cikin fayil na tsuran rubutu, ba ado, ba launi, irin wanda ko tsohuwar kwamfutar da ta kusa mutuwa za ta buɗe shi. Tsarin rubutun ana ce masa Org. Ummu ta kama shi kamar dama shi take jira.

Ni na fara ganin abin ne lokacin da Zumuntar Mata ta cocinmu za ta yi anko, aka ɗora mini aikin sanin yadi nawa kowace mace za ta ɗauka. Ina ta goge-goge a takarda, mata suna ta sauya ra'ayi, sai ga Ummu ta shigo shago da laftof ɗinta a hammata.

"Kawo nan, Dinah. Ke ba ki gajiya da wahalar da kanki?"

Ta rubuta sunayen matan, tana sa 'yar sanda a tsaye tsakanin suna da unguwa da yawan yadi. Ta danna maɓalli ɗaya, sandunan suka miƙe suka daidaita, abin ya zama jadawali. A samansa ta rubuta #+name: mata. Can ƙasa, cikin wannan fayil ɗin dai, ta rubuta 'yan layukan umarni a harshen Python, ta killace su sama da ƙasa. Wannan shi take kira shinge. A bakin shingen ta ƙara :var jeri=mata.

"Kin ga wannan ɗan rubutun? Miƙawa ce," in ji ta. "Na raɗa wa jadawalin suna, sannan na ce wa shingen, ga mata nan, karɓi ka yi aiki da su. Kamar ki kai niƙa ne. Injin ba ruwansa da hatsin wa aka kawo. Ki zuba gero ya ba ki garin gero, ki canza ki zuba dawa ya ba ki na dawa. Ba ki taɓa injin, ƙwaryar kawai kike canzawa."

Ta danna, sai ga jimillar yadi ta fito a ƙasa, unguwa-unguwa. Na ce mata Madam Judith ta ƙara yadi biyu. Ta gyara a wuri ɗaya, ta sake dannawa, komai ya gyaru da kansa. Na riƙe baki.

"To wannan layin na sama fa, mai suna da unguwa da yadi? Bai haɗa shi cikin matan ba?"

"Ina! Yana da hankali. Duk abin da ya gani a layin farko, in an ja masa layi a ƙasa, ya san wannan kai ne, take ne, ba ya cikin waɗanda za a yi wa aiki. Sai ya ɗauke shi ya ajiye gefe."

Ku riƙe wannan maganar, don da bakinta ta faɗa mini ita, tana wani ɗaga hanci.

Daga nan rayuwar Ummu ta koma cikin fayil. Ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, amma kowane abu nata yana da jadawali mai suna da shingen da ake miƙa masa shi: ranakun rigakafin yara, izun da kowace ɗaliba ta kai, har magungunan hawan jinin babanta. Takenta shi ne, "A rubuta abu sau ɗaya, a wuri ɗaya." Ta tsani kwafe. In ta ga ana kwafar sunaye daga wannan takarda zuwa waccan, jikinta har ƙaiƙayi yake. Mijinta, mai shagon magani, mutum ne mai haƙuri, yakan ce ya tabbata shi ma yana cikin wani jadawali, fatansa dai kada a goge shi.

Da Malam Zulkiflu ya rasu, Allah ya jiƙansa, Baffa ne ya yi masa salla. Ya zauna zaman makoki a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa, idonsa jawur, amma ko sau ɗaya bai waiwayi ɓangaren ajujuwan ba. Ana tashi ya koma Gyallesu. Makaranta ta faɗo a wuyan Ummu. Ta rage aikin Kongo, ta riƙe ta da hannu biyu, kuma ta riƙe ta da kyau, wannan ko maƙiyinta ya shaida.

Sai ga shi wasu mata sun kai ga sauka, karo na farko bayan rasuwar Malam. A gidan Modibbo kuwa akwai al'ada tun kaka da kakanni: ba a sauka sai babban gida ya zauna ya biya wa mai sauka ayoyin ƙarshe da bakinsa, ya shafa fatiha. Da Malam Zulkiflu yana raye shi ke yi wa ɗalibansa. Yanzu babu shi, ba kuma wani babba sai Baffa. In ya zo, makaranta ta zama ta gidan Modibbo a idon kowa, ɓarakar ta ɗinke. In bai zo ba, kowa zai san an rabu ke nan har abada, matan nan kuma za su yi sauka ana ƙus-ƙus cewa ba da albarkar gida aka yi ba. Ummu ta san wannan sarai. Amma ta yanke shawarar gayyatarsa da kati.

Ni dai zan faɗi gaskiya ko za ta yi fushi in ta karanta: tsoro ne. Matar da ke tsayawa gaban farfesoshi ta ce musu lissafinsu bai yi ba, tana tsoron zauren Gyallesu. Katin garkuwa ce kawai.

Ranar da na je gidanta da samfurin takardu don ta zaɓi launi, bayan la'asar, na tarar da Goggo Jannatu, ƙanwar su Baffa, zaune kusa da ita tana leƙen laftof ta saman tabarau. Ummu ta riga ta shirya jadawalin baƙi: suna, unguwa, laƙabi. Ta rubuta shingen da zai karɓe shi ya fitar wa kowa katinsa da sunansa, a jere unguwa-unguwa, ni kuma in buga in yanka.

"Kati za ki aika wa Yaya?" in ji Goggo.

"Zamani ne, Goggo. Katin ya fara isa, ni sai in bi bayansa."

Goggo ta yi mata wani kallo, ta ƙyale. Can ta ce, "To ina sunan nasa?"

Ummu ta gangara ta nuna. Yana can tsakiya, inda harafinsa ya ajiye shi, tsakanin wani mai gyaran babur da wata ungozoma.

"La'ilaha illallahu! Yaya Mika'ilu ne a tsakiyar kasuwa haka? Mai da shi sama."

"Goggo, na'ura ba ruwanta da sama ko ƙasa. Ba wanda zai ga wannan sai ni."

"Ni na gani. Allah ma ya gani. Mai da shi."

Ummu ta yi tsaki a ciki, ta ɗauko sunan ta kai shi farkon baƙi. Goggo ta sa yatsa a kan gilashin.

"Wannan kuma mene ne a kansa?"

"Taken jadawalin ne. Suna, unguwa, laƙabi."

"Cire. A gidanmu ba a rubuta komai a saman sunan babba sai Bismillah. Ki sa shi shi kaɗai, ki ja masa layi a ƙasa, a raba shi da yara. Haka Modibbo yake yi, haka ubanki yake yi."

A lokacin jaririn maƙwabta yana tsala ihu, ana sallama a ƙofa, ni kuma ina ta tura mata takardu ina cewa ta zaɓa tsakanin ruwan ƙwai da ruwan toka. Ummu ta goge taken, ta sa Baffa a layin farko, ta ja masa layi. Goggo ta gyaɗa kai, ta ce yanzu aka yi magana. Ummu ta danna maɓalli, katuna suka fito rututu, ta zuba mini a filash.

Na ce, "Ba za ki duba ba?"

"In duba me? Abin da ke cikin jadawali shi ke fitowa. Ai ba mutum ba ne da zai manta."

Na buga, na yanka, na ɗaure su dami-dami. Na Tudun Wada suka tafi, na Dutsen Abba suka tafi, na Gyallesu kuma aka ba Khubaib, babban ɗan Baffa, mai sayar da taya. Ummu da ta ce za ta bi bayan kati, kullum sai ta samu dalili. Yau ana ɗinkin hijabai, gobe ana fenti, jibi mai rumfa bai zo ba.

Sauka ta matso ƙwarai lokacin da Khubaib ya shigo shagona da hantsi, ya tarar da mu tare muna duba takardun shaida. Ya gaisa, ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Malama, wai wani shiri kika yi wa Baba daban?"

"Wane irin shiri?"

"Ni na samu kati. Maiɗakina ta samu. Limamin unguwarmu ya samu, har mai shayin bakin layi. Baba ne kawai babu. Na yi shiru ne ina zaton da kanki za ki kawo."

"Ba zai yiwu ba," in ji Ummu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka duba motarka. Ya faɗi ne."

"Na duba."

"To Dinah ce ta yar wurin yanka."

Na ce, "A'a, kada ki soma. Abin da kika ba ni shi na buga."

Ta buɗe laftof da ƙarfi, irin buɗewar wanda zai kunyata mutane. Ta juyo mana da shi. "Ga shi nan! Shi ne ma na farko, har da layi a..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ga idonta ya tsaya a kan layin nan. Ta buɗe fayil ɗin katunan ta nemi Mika'ilu, babu. Shingen ya yi daidai abin da ta koya mini shekarun baya. Ya ga suna a layin farko, an ja masa layi, ya ce wannan kai ne, ya ɗauke shi ya ajiye gefe, ya yi wa sauran jama'a katinsu. Garin gyaran gira an rasa ido. Tunda nake da Ummu ban taɓa ganin bakinta a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Na so in yi dariya, amma sai tausayi ya kama ni.

"Yanzu zai ce da gangan na yi," in ji ta a hankali. "Zai ce na gayyaci mai shayi na bar shi."

Gyaran bai ɗauke ta komai ba. Ta ƙara :colnames no a bakin shingen, wato ta ce masa wannan jadawalin ba shi da take, kowa mutum ne. Katin Baffa ya fito. Na buga shi a takarda mafi kauri da nake da ita. Ta miƙa wa Khubaib.

Ya mai da hannunsa baya. "Ni? Kowa ya samu nasa tuntuni, sannan in kai masa yanzu kamar ɗumamen tuwo? Wallahi ba da ni ba, Malama."

Ta juyo wurina. Na ce ko ta kalle ni har gobe ba zan kai ba, iyakata in raka ta. Ta tsaya tana kallon katin. Daga nan ta jefa shi a jaka, ta gyara hijabi, ta ce in rufe shago.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Gyallesu. Ni ce ke ta tsara mata abin da za ta faɗa: ta ce katin ya maƙale a injina, ta ɗora mini, ba komai, ai na saba. Ta ce in yi mata shiru.

Matar Baffa ta tare mu a tsakar gida da murna, ta rungume Ummu, ta ce mini, "'Yar gidan Kato, kin girma kin manta da mu." Ta kai mu zauren ciki. Baffa yana zaune a kan buzunsa, ya tsufa fiye da yadda na zata, gemun ya yi fari fat. A gabansa akwai sabuwar tabarma a shimfiɗe, ba kowa a kai. Matar ta raɗa mana cewa tun ranar da katuna suka iso yake sa a shimfiɗa ta kowace safiya, da yamma a naɗe.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara, ya tambaye ni jikin mamata. Sannan ya dubi Ummu.

"Kin iso."

"Na iso, Baffa."

"Da na ga takarda ta zo wa Khubaib, ta zo wa matarsa, ta zo wa liman, ni babu, sai na ce alhamdu lillahi, Zulkiflu ya bar baya. Yarinyar nan ta san uba ba a aika masa takarda. Ta san zumunta a ƙafa take. Na ce a shimfiɗa mata tabarma, tana tafe." Ya ɗan yi murmushi. "Kin dai daɗe a hanya."

Jama'a, Allah ya kawo mana mafita a faranti! Na sa hannu ta bayan hijabinta na mintsine ta, ma'ana ta rufe baki ta karɓi kyautar da aka ba ta. Amma Ummu ce. Matar da ba ta iya barin kuskure a cikin fayil ɗin da ba mai gani, ina za ta iya barinsa a zuciyar tsoho?

"Baffa, ba haka aka yi ba," in ji ta. "Ba tarbiyyata ba ce. Kati na yi niyyar aiko maka kamar kowa, don ina jin tsoron zuwa. Na'ura ce ta tsallake sunanka. Katin ma yana cikin jakata."

Na ji kamar in shaƙe ta. Murmushin Baffa ya ɗauke, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, har na fara neman takalmana da ido.

"Ta tsallake ni," ya ce. "Don me?"

Ummu ta yi masa bayani, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce sunayen baƙi a jere suke, ana miƙa su ga wani umarni da ke fitar wa kowa kati. Ta ce Goggo ta sa an kai sunansa sama shi kaɗai an ja masa layi, kamar yadda ake yi a gida. Ita kuma na'urar, duk abin da ta gani a sama da layi a ƙarƙashinsa, ba ta lissafa shi cikin jama'a.

"Wato da ta ga sunana a sama, sai ta ƙi haɗa ni da sauran?"

"Haka ne, Baffa."

"Ta ce wannan kai ne."

"E."

Ya ɗago ya dube ta. "To ai ta fi ki ladabi."

Dariya ta kufce mini, na toshe baki da mayafi. Kafaɗun tsohon ma suna girgiza. Ummu kuwa hawaye ne ke zuba, ba ta ko share su ba. Ta zaro katin ta miƙa da hannu biyu. Bai karɓa ba.

"Riƙe abinki. Tunda kin zo, faɗa mini da bakinki."

Ta mai da katin cikin jaka. "Baffa, ɗaliban Malam za su yi sauka ran Asabar. Ba mu da uba sai kai. Ka zo ka biya musu."

Ya dubi tabarmar. "Bencunan suna nan?"

"Suna nan."

"Allah ya kai mu," ya ce, bai ƙara komai ba.

A hanyar dawowa na wanke ta tas. Na ce mutum ya ba ki ƙofa a buɗe kin tsaya kina nuna masa inda kika fasa taga. Ta ce ita ba za ta gina makarantar Alƙur'ani a kan ƙarya ba, ya zo ko kada ya zo. Da muka isa shago ta buɗe laftof, ta goge ɗan gyaran nan da ta ƙara a bakin shingen. Na ce me kike yi, ai zai sake tsallake shi. Ta ce ta sani. Ta ce daga yau duk taron da za a yi a gidansu, in katuna sun fito babu na Baffa, ta san abin da ya rage mata.

Ran Asabar na rufe shago na tafi da wuri, don ni ce mai raba takardun shaida. An kafa rumfa, mata masu sauka sun jeru cikin fararen hijabai, mazajensu da 'yan'uwa sun cika waje. A babban ajin Ummu ta sa an kwashe bencunan gaba an tura su jikin bango, an shimfiɗa darduma a ƙasa, an sa matashi. Hantsi ya ɗaga, shinkafa ta fara hucewa, mutane suna duba agogo suna kallon ƙofa. Goggo Jannatu tana ta jan carbi kamar za ta tsinke shi. Wani malami ya matso ya ce ko a fara, ya wakilta. Ummu ta ce a'a, tsaye take ƙyam, amma na ga yadda ta damƙe bakin hijabinta.

Sai muka ji hayaniyar waje ta lafa. Motar Khubaib ce ta tsaya. Baffa ya fito a hankali, sanda a hannu ɗaya, buzun Modibbo a naɗe a hammata, ya hana kowa karɓar masa. Ya tsaya a ƙofar ajin da ya yi rantsuwa da zuciyarsa ba zai shiga ba, ya dubi allon bango, inda har yanzu ba a goge Bismillar da ƙaninsa ya rubuta da fenti a sama ba. Sannan ya cire takalmi ya shiga.

Ummu ta nuna masa dardumar. Ya dube ta, ya dafa sanda ya fara sunkuyawa, ya tsaya a rabi. Ya miƙe. Ya juya ya nufi bango, inda aka tura bencuna, ya warware buzun ubansu ya shimfiɗa a kan ɗaya, ya zauna. Ƙafafunsa ba su ko kai ƙasa sosai ba.

"Zulkiflu ya ce akwai masu ciwon gwiwa," in ji shi, ba da ƙarfi ba, amma duk ajin ya ji. "Ban yarda ba sai da nawa suka fara." Ya shafa gefen bencin da tafin hannu. "Da na zo na faɗa masa yana da rai."

Goggo ta fashe da kuka. Baffa ya share ido da bakin rawani, ya miƙa hannu aka ba shi Alƙur'ani.

"Ummu," ya ce, "kira mini ta farko."